Charles Drew: likitan da ya inganta ajiyar jini, ya yi fito-na-fito da wariya

An haifi Charles Richard Drew, baƙar fata ɗan Amurka, a birnin Washinton ranar 3 ga Yuni, 1904. Ya yi karatun likita a Jami'ar McGill da ke Montréal a Kanada, ya kammala a 1933, sannan ya koma gida ya koyar a Jami'ar Howard, wadda aka kafa domin baƙar fata.

A zamanin, ajiyar jini babbar matsala ce ga asibitoci. Tun farkon ƙarni na 20 Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma ƙara wa majinyaci rukunin da bai dace da nasa ba na iya kashe shi. An kuma san cewa sinadarin sitirat yana hana jini daskarewa. Amma ko a cikin firji, bayan 'yan kwanaki jajayen ƙwayoyin jini sukan fara lalacewa, suna sakin sinadarin fotashiyam, wanda yawansa ke cutar da zuciya.

A Jami'ar Columbia da ke New York, Drew ya yi aiki tare da John Scudder a kan wannan lalacewa, kuma a 1940 ya samu digirin dokta a kan ajiyar jini. Hankalinsa ya karkata ga ruwan jini, wato ruwan da ya rage bayan an tace ƙwayoyin. Ruwan ya fi daɗewa bai lalace ba, kuma idan aka gauraya na mutane da yawa, ana iya ba majinyaci cikin gaggawa ba tare da dogon gwajin rukuni ba.

A wannan shekara jiragen Jamus suna ruwan bama-bamai a kan Birtaniya. Aka ɗora Drew a kan shirin tara jini a asibitocin New York domin aika wa Turawan Ingila. Ya tsaurara tsafta da gwajin kowace kwalba, aka tura fiye da lita 5,000 na ruwan jini. A 1941 ya jagoranci ma'ajiyar jini ta ƙungiyar Red Cross ta Amurka a birnin.

Sai dai hukumomin soja sun fara da ƙin karɓar jinin baƙar fata, daga baya suka amince amma a ajiye shi daban da na farar fata. Drew ya fito fili ya soki wannan doka, yana nuna cewa rukunin jini ne ke sa ya dace ko ya ƙi, launin fata ba shi da ruwa a ciki. Ya koma Howard yana horar da likitocin tiyata baƙar fata, kuma a 1944 aka ba shi lambar yabo ta Spingarn.

Ya rasu ranar 1 ga Afrilu, 1950, sakamakon hatsarin mota a jihar North Carolina, yana da shekara 45. An daɗe ana yaɗa cewa asibiti ne ya hana shi jini saboda launinsa, amma likitocin da ke tare da shi a motar sun tabbatar an kula da shi, raunin ne ya yi tsanani. A wannan shekarar Red Cross ta daina ware jinin baƙar fata.