Luwi Pastar, ɗan majemi

An haifi Luwi Pastar ran 27 ga watan Disamba, shekara ta 1822, a garin Dol, gabashin ƙasar Faransa. Ubansa tsohon soja ne, ya koma sana'ar jima. Luwi yana ƙarami suka ƙaura zuwa garin Arbuwa, can ya shiga makaranta. Ba shi ne na ɗaya a ajinsu ba. Zane ya fi so. Amma yaro ne mai haƙuri, in ya kama aiki ba ya saki sai ya ga ƙarshensa. A 1843 ya shiga babbar makarantar horon malamai ta birnin Pari, ya karanci kimiyya.

A 1854 aka tura shi koyarwa garin Lil. Can ya soma binciken abin da ke sa madara tsami. Ya ɗiga madara mai tsami ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Sai ya ga waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Suna ci, suna hayayyafa. Ya gane su ne ke sa tsamin.

To, daga ina waɗannan halittu suke fitowa? A zamanin, mutane da yawa suna tsammani abin da ke ruɓewa ne ke haifar su. Suna ganin in aka aje romo ya kwana biyu, sai ya cika da su. Wani masani mai suna Pushe yana cikin masu wannan ra'ayi. Pastar kuwa yana zaton ƙurar da ke yawo cikin iska ce ke kawo su. Amma zato ba hujja ba ne, sai an gwada.

Ya samo kwalabe, ya zuba musu ruwa mai saurin lalacewa, irin romo. Ya gasa wuyan kowace kwalba da wuta, ya ja shi, ya lanƙwasa shi kamar wuyan raƙumi. Sa'an nan ya tafasa ruwan don ya kashe duk halittar da ke ciki. Bai toshe bakin kwalaben ba. Iska tana shiga, amma ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar wuyan. Wata da watanni ruwan yana nan garau. Sai ya karya wuyan waɗansu, ƙura ta sami hanya. Cikin ƴan kwanaki ruwansu ya gurɓace. Ruwa ɗaya ne, wuta ɗaya, ɗaki ɗaya. Abu guda kaɗai ya canza, wato hanyar ƙura.

Bai tsaya nan ba. A 1860 ya buɗe kwalba 20 a karkara kusa da Arbuwa, 8 suka lalace. Ya hau wani dogon dutse mai ƙanƙara, inda ƙura ba ta da yawa, ya buɗe 20. Guda ɗaya kurum ta lalace. A 1862 majalisar masana kimiyya ta Faransa ta ba shi kyauta saboda wannan bincike.

Pastar ya sha wahala a gidansa. Cikin ƴaƴansa biyar, uku sun rasu suna yara, biyu daga cikinsu zazzaɓin taifot ya kashe su. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Duk da haka bai bar aiki ba. Ya maida hankalinsa ga ƙananan halittu masu kawo cuta.

A lokacin ciwon saifa yana kashe tumakin Faransa da yawa. Pastar da mataimakansa, Ru da Shambarlan, suka shirya allurar rigakafi. Mutane ba su yarda ba. A watan Mayu na 1881, a ƙauyen Puyi-la-For, aka raba dabbobi gida biyu. Kowane gida yana da tumaki 24 da akuya ɗaya. Aka yi wa gida ɗaya allura, aka bar ɗayan. Ran 31 ga wata aka sa wa dukansu ƙwayar cutar. In masu allura suka mutu, sunan Pastar ya ɓaci. Ran 2 ga watan Yuni jama'a ta taru. Waɗanda ba a yi wa allura ba, yawancinsu sun mutu, sauran suna gargara. Masu allura kuwa suna tsaye. Gani ya kori ji.

Ran 6 ga watan Yuli 1885 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9, Jozef Maistar. Mahaukacin kare ya cije shi. In haukan kare ya bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Pastar yana da allurar da ya gwada a jikin karnuka. Ya ji tsoro ƙwarai, don ran yaro ne a hannunsa. Shi ba likita ba ne, saboda haka ya shawarci likitoci, ɗaya daga cikinsu ya yi allurar. Aka yi wa yaron allura 13 cikin kwana 11. Ciwon bai kama shi ba, ya girma ya zama magidanci.

A 1888 aka buɗe wata cibiyar bincike a Pari da sunansa. Pastar ya rasu ran 28 ga watan Satumba 1895, yana da shekara 72. Ya bar wa masu bincike hanya: a yi tambaya, a faɗi abin da ake zato, a gwada, a kwatanta, a ƙidaya, a sake gwadawa.

Tambayoyi

1. Mece ce sana'ar uban Pastar?
2. Don me ya lanƙwasa wuyan kwalaben?
3. Don me aka bar gida ɗaya na dabbobin ba allura?
4. Don me ake tafasa madara a kuma rufe ta?