Jak Kusto, Mutumin da Ya Sauka Ƙarƙashin Teku da Iskarsa a Goye

Watannin baya wani abokina ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na ajinmu. Wani dattijon Bature ne siriri, mai dogon hanci da jar hula, wai shi ne ya gano inda tekuna biyu suka haɗu ba su gauraya ba, da ya ga haka sai ya musulunta. Kowa ya yi ta turo kabbara. Ni ma na tura, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne: yaya aka yi mutum ya daɗe haka a ƙarƙashin ruwa har yana ɗaukar hoto? A Gwadangaji na tashi, amma dangin mahaifiyata Kabawan Argungu ne, kuma na sha tsayawa a bakin kogi ina kallon kawuna ya nutse, sai gabana ya fara faɗuwa sannan ya ɓullo da kifi a hannu. Duk gwanintarsa, numfashi ɗaya ne jarinsa. Wannan tambayar ce ta sa na ajiye furojet ɗina na kwana biyu, na bi diddigin mai jar hula.

Sunansa Jacques-Yves Cousteau, ana furta shi Jak Kusto. An haife shi ranar 11 ga Yuni, 1910, a wani ƙaramin gari kusa da birnin Bordeaux a Faransa. A 1930 ya shiga makarantar sojan ruwa, amma burinsa duk a sama yake, so yake ya zama matuƙin jirgin sama. Bai kai ga gama koyon tuƙin ba ya yi mummunan haɗarin mota, hannuwansa biyu suka karye. Shi ke nan maganar jirgin sama ta mutu. Don ƙarfin hannuwan ya dawo, sai ya kama yin iyo kullum a gaɓar Toulon, a Bahar Rum. A nan ne, cikin 1936, wani abokin aikinsa mai suna Philippe Tailliez ya ara masa tabaran shiga ruwa. Ya saka, ya dulmiya kai, ya ga kifaye da ciyayi da duwatsu tar, a wurin da ya sha wucewa ta kansa bai san da su ba. Yana da shekara 26 a lokacin, kuma daga ranar bai sake waiwayar sama ba.

Matsalarsa ita ce dai matsalar kawuna, wato numfashi. Wani zai ce ai sai a nemi dogon bututu a riƙa zuƙar iska daga sama. Ba ya yiwuwa. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa na ƙara maka matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, don haka ko mita biyu ba za ka kai ba ƙirjinka zai kasa buɗewa. Masu nutso na wancan zamani kwalkwalin ƙarfe suke sawa da takalman dalma, ana hura musu iska ta tiyo daga jirgi, suna tafiya a ɗaure kamar akuya a turke. Kusto ya gwada shaƙar zallar oksijin, har sau biyu jikinsa na sanƙarewa a cikin ruwa, da ƙyar ya sha.

Mafita ta zo ta hanyar aure. Surukinsa, mahaifin matarsa Simone, babba ne a kamfanin Air Liquide, shi ya haɗa shi da wani injiniya, Emile Gagnan, a ƙarshen 1942. Lokacin Jamus ta mamaye Faransa, fetur ya yi wuya, Gagnan ya ƙera wata 'yar regileta da za ta sa mota ta yi tafiya da gas. Ita suka gyara. 'Yan injiniyarin, ku saurara nan: na'urar ba ta sakin iska sai ka zuƙa, kuma tana ba ka ita daidai da matsin ruwan da ke kewaye da kai. Gwajin farko a kogin Marne, a farkon 1943, bai yi kyau ba. In ya miƙe tsaye iska ta yi ta zuba, in ya juya kai ƙasa ta ƙi fita. Suka gane cewa tazarar da ke tsakanin mashigar iska da mafitarta ce ke kawo bambancin matsi, suka matso da su wuri ɗaya, magana ta ƙare. 'Yan santimita kawai. A bazarar wannan shekara Kusto ya goya tukwanen iska ya yi yawonsa a ƙarƙashin Bahar Rum ba igiya ba tiyo. Na'urar da aka sani da Aqua-Lung ke nan, kakar duk wadda ake nutso da ita a yau.

A 1950 wani attajiri, Loel Guinness, ya sayi tsohon jirgin share nakiyoyin ruwa mai suna Calypso, ya ba shi haya a kan faran ɗaya a shekara. Da shi ya nufi Bahar Maliya a 1951, inda ya fara ganin tsaunukan murjani na ƙasashen zafi. Murjanin nan da muke gani a wuyan amare ashe ba dutse ba ne tun asali. Wasu ƙananan halittu ne ke gina wa kansu gida da alli, wasu su mutu wasu su ɗora a kansu, shekara dubbai, har ya zama tsauni a cikin teku. Samansa ba zurfi, rana na haska shi, kifaye launi-launi na kai da kawowa kamar ranar kasuwa. Sai ka iso baki, ƙasa ta yanke, tsaunin ya gangara a miƙe kamar katanga zuwa cikin duhu. Mai nutso sai ya bi jikin katangar yana shawagi, babu komai a ƙarƙashin ƙafarsa. Yana sauka launuka na gudu, ja ne ke fara ɓacewa, har jini in ya fita sai ya koma kamar kore. Daɗin wurin shi ne haɗarinsa, domin babu ƙasan da zai tare ka. Daga wajen mita 30 iskar naitirojin takan fara bugar da mutum kamar wanda ya sha wani abu, ya manta da hanyar sama. Kusto ya san wannan da ɗaci: a 1947 abokin aikinsu Maurice Fargues ya sauka mita 120, aka jawo shi ba rai.

Aikinsa da ya fi burge ni shi ne na 1963, a wani tsaunin murjani da ake kira Sha'ab Rumi, arewa da Port Sudan. Tekun nan fa shi ne kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa suke ƙetarewa zuwa Jidda, kuma har yau akwai Hausawa da yawa a Sudan waɗanda tafiyar ta zaunar. A nan Kusto ya kafa ɗan ƙauye a ƙarƙashin ruwa, zurfin mita 10. Mutanensa suka yi wata guda cur a ciki, suna ci suna barci, har da aku a ɗakin. Wasu biyu kuma suka yi mako guda a wani ƙaramin ɗaki da aka kafa can ƙasa a jikin gangaren, wajen mita 30. Fim ɗin da ya yi a kan wannan zama ya ci Oscar.

To amma akwai abin da bidiyon WhatsApp bai nuna mana ba. Na nemi fim ɗin da ya fito da shi duniya, na 1956, wanda ya ci babbar lambar yabo a bikin Cannes, ya kuma ci Oscar. A ciki, mutanensa sun tayar da nakiya a jikin murjani don kawai su ƙirga kifayen da za su taso. Akwai inda jirginsu ya yi wa jaririn wata ƙatuwar dabbar teku rauni da farfela, kifayen shak suka taru a kan gawar, su kuma suka hau jawo su suna kashewa da gatari. Wallahi sai da na tsayar da fim ɗin. Ya tuna mini ranar da muka tarar da wani tafki a fadama ya yi fari fat da matattun kifaye, manya da 'yan mitsi-mitsi, saboda wasu sun zuba maganin ƙwari cikin dare. Kawuna bai ci abincin rana ba ranar. Ban da nakiya, a 1954 Kusto ya yi wa kamfanin mai na Birtaniya binciken ƙasan teku a gaɓar Abu Dhabi, don jirgi ba ya tafiya da yabo.

Ina ganin yawan komawa wuri ɗaya ne ya canza shi. Ya riƙa dawowa inda ya taɓa nutso, yana tarar da kifi ya ragu, murjani ya mutu. A 1960 gwamnatin ƙasarsa ta shirya zuba sharar nukiliya a Bahar Rum, ya tashi tsaye ya wayar da kan jama'a, har mata da yara suka zauna a kan layin dogo suka tare jirgin da ya ɗauko ta, aka fasa. Daga 1968 shirinsa na talabijin ya shiga gidaje a faɗin duniya, kuma da tsufansa yana cikin waɗanda suka matsa har aka sa hannu a yarjejeniyar 1991 da ta hana haƙar ma'adinai a Antaktika. Abin dariya, darasin da ya ɗauke shi shekaru yana koyo, a Argungu tsohon labari ne. Ana hana su a Matan Fada har sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na tsare da kogin, shi ya sa in an buɗe ake fito da giwan ruwa mai girman mutum.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi masa sauƙi ba. Ɗansa Philippe, wanda ya sa ran zai gaje shi, ya mutu a haɗarin jirgin sama a kogin Tagus kusa da Lisbon a 1979. Simone ta rasu a 1990, ya auri wata da ashe sun riga sun haifi 'ya'ya biyu a ɓoye. Ya kai babban ɗansa kotu a kan amfani da sunan gidan. Calypso ma ya nutse a tashar Singafo a 1996 bayan wani jirgi ya buge shi. Shi kuma ya mutu a Paris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87.

Maganar musuluntarsa kuwa, 'yan'uwa, ba ta da tushe. Gidauniyarsa ta ƙaryata labarin tun 1991, yana raye, kuma a majami'ar Notre-Dame aka yi masa addu'ar jana'iza. Na rubuta haka a zauren ajinmu, mutum biyu suka yi fushi da ni, ɗaya har ya daina gaishe ni a ɗakin karatu. Ni dai abin da na ce musu, gaskiyar aya ba ta rataya a wuyan wani Bature ba.

Hutun da ya wuce na je Argungu, na nuna wa kawuna hotunan Sha'ab Rumi a waya. An kwashe gidajen tun tuni, amma rumfar da suka yi wa ƙaramin jirginsu na nutso tana nan, murjani ya lulluɓe ta, kifaye sun tare a ciki, masu nutso sun sha zuwa daga ƙasashe suna kallo. Ya daɗe yana duba hasken ruwan, don a namu kogin da hannu ake lalube, ido ba ya aiki. Sannan ya miƙo mini wayar, ya tambaye ni ko tukunya ɗaya za ta kai mutum daga azahar zuwa la'asar. Na ce masa a'a, da wuya ta wuce awa guda, in an yi zurfi ma ba ta kaiwa. Ya ce to nawa ake sayar da ita.