Abubakar Imam da takwaransa na Bauchi: Mafari ɗaya, hanya biyu

Duk wanda ya tashi a Kuta ko Kagara ko Minna ya san da wuya a shiga unguwa ba a tarar da mai suna Abubakar ba. Wani a kira shi Garba, wani Habu, wani Buba, don a rarrabe takwara da takwara. A tarihin Arewa ma haka abin yake. Akwai Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya shekara 50 a kan karaga, akwai kuma Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Sai dai babu takwarori biyu da rayuwarsu ta faro iri ɗaya kamar Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na biyun kowa ya san fuskarsa a takardar naira biyar. Na farkon kuwa, mutane da yawa littattafansa kawai suka sani.

An haifi Abubakar Imam a 1911 a Kagara, hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi ta yau, maƙwabciyar Shiroro mai hedikwata a Kuta. Gidansu gidan malamai ne. Yayansa, Malam Bello Kagara, ya riga shi shiga aikin koyarwa a Katsina, kuma can Imam ya tafi neman ilimin zamani har ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe don horar da malaman makaranta. A nan zamaninsa ya haɗu da na takwaransa, wanda aka haifa a 1912 a ƙasar Bauchi. Da suka gama, kowa ya kama alli: Imam a makarantar Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa ya rubuta Ganɗoki, takwaransa kuma ya rubuta Shaihu Umar. Sauran biyun su ne Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East. Wani abin sha'awa shi ne, garin da Tafawa Ɓalewa ya ba jarumin littafinsa a matsayin mahaifa sunansa Kagara.

Littattafan biyu sun nuna halin masu su tun da wuri. Shaihu Umar labari ne mai nauyi, na bauta da rabuwar uwa da ɗa da ƙetare hamada. Ruwan Bagaja kuwa cike yake da raha da wayo, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ta shirya wa juna gadar zare daga gari zuwa gari. Wannan iya sarrafa harshe ne ya ja hankalin East, ya nemi a ba shi aron matashin malamin. A 1936 Imam ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ɗebo labarai daga taskar Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa, ya ɗora su a bakin aku, har mai karatu ya ɗauka a ƙofar fadar garinsu aka yi su.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa na farko. Shekarar ce Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jaridar ta zama hanyar da labarin yaƙin ke isa ga masu karatun Hausa, har da sojojin da aka kai fagen daga. Jaridar gwamnati ce, saboda haka editanta yana tafiya ne a kan siraɗi: ga Turawan mulki a sama, ga sarakuna a gefe, ga wasiƙun talakawa da matasan 'yan boko suna shigowa da koke. Fiye da shekara goma ya yi yana wannan aiki.

Babbar jarrabawarsa ta zo a 1943, lokacin da aka gayyaci 'yan jarida takwas na Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Nnamdi Azikiwe, wanda shi ma a Zungeru ta Jihar Neja ta yau aka haife shi, ya tsara takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai. Imam ya ƙi sa hannu. Ra'ayinsa shi ne Arewa ba ta da isassun masu ilimin zamani da za su riƙe ofisoshi, don haka gaggawa za ta mayar da ita 'yar kallo a gidanta. Amma bai tsaya ga ƙin sa hannu ba. Ya gana da Lugard, wanda ya kafa mulkin Turawa a Arewa, ya kuma rubuta masa matsalolin yankin dalla-dalla, musamman ƙarancin makarantu da yadda tsarin En'e ya toshe wa matasa masu ilimi hanyar faɗin albarkacin bakinsu. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Har yau ana saɓani a kan matsayin da ya ɗauka: wasu na ganin jan ƙafa ne, wasu na ganin hangen nesa.

Irin wannan koke ne takwaransa ya kai zauren Majalisar Arewa a 1950, inda ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. Dukansu biyu suna cikin 'yan bokon da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta tsiro a hannunsu, kuma bayan zaɓen 1951 dukansu sun zauna a Majalisar Wakilai ta Legas. Daga nan hanya ta rabu. Tafawa Ɓalewa ya zama minista a 1952, ya zama Firayim Minista a 1957. Imam ya janye daga siyasar jam'iyya, ya koma aikin littattafai a Zariya, sannan aka naɗa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa.

Wannan ɓangare na rayuwarsa shi aka fi mantawa, alhali shi ya fi kusa da duk wanda ke karɓar albashin gwamnati a yau. Lokacin ne gwamnatin Sardauna ta dage sai 'yan Arewa sun karɓi kujerun da Turawa ke bari. Giɓin da Imam ya nuna a 1943 sai ga shi an ɗora masa alhakin cike shi: tantance wanda ya cancanta, ɗaukarsa, ƙara masa girma, da ladabtar da shi idan ya kauce. Aiki ne da ba a yi wa kiɗa, ba a kuma rasa masu jin haushin mai yin sa. Daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan sauraron koke-koken jama'a, wato ya koma inda ya faro a teburin edita, yana karanta kukan talaka.

An kashe Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin Janairun 1966, yana da shekara 53. Imam ya rayu bayansa shekara 15, bai ajiye alƙalami ba. Cikin ayyukansa na addini akwai Tarihin Annabi Kammalalle. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yunin 1981.

A watan Fabrairun 2021 sunan Kagara ya karaɗe duniya saboda 'yan bindiga sun sace ɗalibai da malamai daga kwalejin kimiyya ta garin. A Kuta ma makaranta ta zama mafakar waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Ƙasar da ta haifi mutumin da ya ce kada a yi gaggawa sai an gina makarantu, yau ita ce ke fafutukar riƙe waɗanda aka gina. Masu tsara kasafin ilimi da na tsaro a Abuja, waɗanda da yawansu da Magana Jari Ce suka koyi karatun Hausa, su ne takardar wannan yanki ke bi ta teburinsu.

Allah Ya jiƙan takwarorin biyu.