TARIHI: Bernhard Schmidt, mai hannu ɗaya da ya gyara wa duniya hoton taurari

Har zuwa shekarar 1930, duk masanin da ya ɗauki hoton sararin samaniya da babban madubi yana fama da aibi guda. Taurarin da ke tsakiyar hoto sukan fito ɗige-ɗige, tsaf da su, amma na gefe sai su baje, kowanne ya yi jela kamar tauraro mai wutsiya. Wanda ya magance wannan aibi shi ne Bernhard Schmidt, magogin gilashi wanda ya yi dukkan aikinsa da hannun hagu kaɗai.

An haifi Schmidt a shekarar 1879 a tsibirin Naissaar da ke daura da birnin Tallinn na ƙasar Istoniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Tun yana ƙarami yake da son ƙere-ƙere, kuma wannan son ne ya jawo masa asara babba. Yana ɗan shekara 15 ya ɗura albarushi a cikin wani bututun ƙarfe domin gwaji, abin ya fashe, aka yanke masa hannun dama. Bayan ya warke ya koma Tallinn, inda ya yi ayyuka iri-iri, har da gyaran hotuna da zanen injuna a wani kamfanin kayan lantarki. A 1901 ya isa garin Mittweida na Jamus domin karatun injiniya, kuma a can ya buɗe ɗan ɗakin aikinsa na goge madubai.

Cikin 'yan shekaru sunansa ya bazu a tsakanin masu nazarin taurari. Madubansa sun yi suna wajen daidaito, har cibiyar nazarin taurari ta Potsdam ta ba shi aiki. Sai dai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa hanzari. Kasancewarsa talakan Sarkin Rasha ya sa hukumomin Jamus suka tsare shi na wasu watanni a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba. Bayan yaƙin kuma tattalin arzikin Jamus ya durƙushe, ciniki ya ja baya. A tsakiyar shekarun 1920 Richard Schorr, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Hamburg da ke Bergedorf, ya jawo shi kusa, ya ba shi wurin zama da ɗakin aiki, ya kuma bar shi ya yi aiki yadda ya ga dama, domin Schmidt mutum ne mai son kaɗaici, marar haƙuri da umarni.

Domin a fahimci abin da ya yi a Bergedorf, sai an san matsalar da ya tarar. Manyan na'urorin hangen nesa na zamanin suna amfani da madubi mai lanƙwasar farabola. Irin wannan madubi yana tattara hasken tauraron da ya fuskanta kai tsaye a ɗigo guda. Amma hasken da ya shigo ta gefe ba ya haɗuwa wuri ɗaya, shi ya sa taurarin gefen hoto ke yin jela. Sakamakon haka, ƙaton madubi ba ya iya ɗaukar fili mai faɗi da kyau, kuma wanda yake son taswirar sama baki ɗaya zai ƙare rayuwarsa bai gama ba.

A 1929 Schmidt ya bi tawagar Hamburg zuwa Filifin domin kallon kusufin rana. A cikin doguwar tafiyar jirgin ruwa ya bayyana wa abokin tafiyarsa, masanin taurari Walter Baade, dabarar da yake juyawa a ransa. Ya ga cewa madubin da aka lanƙwasa kamar ɓangaren ƙwallo ba shi da gefe ko tsakiya a wurin hasken da ya biyo ta cibiyar ƙwallon, ko ta ina hasken ya zo, abu ɗaya yake tararwa. Idan aka sa ƙofar shigar haske daidai a wannan cibiya, jela ta ɓace. Amma irin wannan madubi yana da nasa aibi, domin hasken da ya sauka a bakinsa da wanda ya sauka a tsakiyarsa ba sa haɗuwa a tazara ɗaya. Maganin da Schmidt ya kawo shi ne ya ɗora wani siririn faifan gilashi a ƙofar, mai ɗan tudu da kwari da ido ba ya iya gani, wanda zai karkatar da hasken daidai gwargwado kafin ya isa madubi.

Goge irin wannan faifai shi ne babban aiki. Schmidt ya ɗora gilashin a bakin wata tasa ta ƙarfe, ya zuƙe iskar da ke ƙarƙashi har gilashin ya ɗan lotsa, ya goge samansa a haka, sannan ya saki iskar. Da gilashin ya miƙe, sai ya ɗauki siffar da ake bukata. A 1930 ya kammala kyamararsa ta farko, mai madubi santimita 44, da faifai santimita 36, da tazarar tattara haske santimita 62.5. Tana ɗaukar fili mai faɗin kusan digiri 15, wato kamar a jera cikakken wata sau talatin, kuma taurari tsaf suke tun daga tsakiya har gefe.

Wannan nasara ta zo da sharuɗɗa masu tsauri. Na farko, wurin da hasken ke taruwa a lanƙwashe yake, ba shimfiɗe ba. Da a ce an sa miƙaƙƙen faranti a kyamarar, da gefensa ya kauce wa matattarar haske da fiye da milimita 5. Dole aka riƙa danna fim a kan wani dunƙulallen mazauni domin ya bi lanƙwasar. Na biyu, kyamarar tana da saurin tattara haske ƙwarai, domin tazararta ba ta wuce ninki 1.75 na faɗin ƙofarta ba. Gwargwadon ƙanƙantar wannan adadi, gwargwadon ƙuncin sararin da fim zai iya gusawa gaba ko baya hoto bai lalace ba. Idan fim ya gusa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, ɗigon tauraro zai baje ya kusa kaurin gashin kai. A na'urar da adadinta ya kai 10, irin wannan gushi ba zai haifar da bajewar da ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Haka kuma idan mazaunin fim ya ɗan karkace, taurarin gefe ɗaya za su fito tsaf, na ɗaya gefen su yi hazo. Masu ɗaukar hoton taurari da kyamarorin zamani suna fama da wannan har yau, domin ƙa'idar ba ta sauya ba don an maye gurbin fim da faifan lantarki.

A 1931 Schmidt ya wallafa gajeriyar maƙala da Jamusanci game da ƙirarsa. Ya yi tsammanin cibiyoyi za su yi rububin saye, amma lokacin ya zo daidai da karyewar tattalin arzikin duniya, kuma bai sami cinikin da ya sa rai ba. Ya mutu a Hamburg ranar 1 ga Disamba, 1935, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 56, aka binne shi a maƙabartar Bergedorf da ke maƙwabtaka da cibiyar.

Walter Baade, wanda ya koma Amurka a 1931, yana cikin waɗanda suka yayata ƙirar a can. A 1936, shekara guda bayan mutuwar Schmidt, aka kafa kyamara irin tasa mai inci 18 a dutsen Palomar na Kalifoniya, kuma da ita Fritz Zwicky ya riƙa farautar taurari masu fashewa. A 1948 aka kammala babba mai inci 48 a wuri ɗaya, wadda ta ɗauki hoton dukkan sararin da ake gani daga Palomar a cikin shekarun 1950, taswirar da masana suka dogara da ita shekaru masu yawa. A 1960 Jamus ta Gabas ta kafa wata a Tautenburg mai faifai santimita 134.

A 2009 hukumar NASA ta harba na'urar Kepler domin neman duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Ƙirar Schmidt aka bi wajen gina ta, da faifai mai faɗin santimita 95, aka kuma jera faya-fayan lantarkinta a lanƙwashe domin su bi matattarar haske, kamar yadda ya lanƙwasa fim a Bergedorf. Ta gano duniyoyi fiye da 2,600 kafin a dakatar da aikinta a 2018.