Tarihin Yusufu Abdullaɗif, Mabushin Amurka Da Ya Zo Zariya Neman Sani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, wannan tarihin wani mabushi ne, baƙar fata na ƙasar Amurka, wanda aka sani a fayafayensa da Yusef Lateef. An haife shi ran 9 ga Oktoba, 1920, cikin Muharram na 1339, a garin Chattanooga, sunansa na yanka William. Yana ƙarami iyayensa suka koma Detroit, birnin maƙeran motoci. Can ya tashi, can ya koyi busa saksofon, wato algaitar Turawa ta tagulla. Muryarta ta fi ta algaitar da ake busa wa Sarkin Daura ran hawan salla kauri da taushi. Yana da shekara 18 ya fara cin abinci da ita. A 1949 ya shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga manyan sarakunan kiɗan da ake kira jaz.

Wajen wannan lokaci ne ya karɓi kalmar shahada, ya ɗauki sunan Yusufu Abdullaɗif. Ya shigo ne ta hannun jama'ar Ahmadiyya, waɗanda suka daɗe suna wa'azi cikin baƙaƙen Amurka. Sanannen abu ne malaman Sunna ba su yarda da aƙidarsu ba, hisabin kowa kuwa yana wurin Allah. Ya je Makka sau biyu.

To, sana'ar busa a ƙasarsu galibi cikin gidajen giya ake yinta, da dare. Yusufu ya yi shekaru yana neman abincinsa a irin waɗannan wurare, amma wajen 1980 ya yanke shawara ya bar busa a cikinsu, ko da yake nan ne kasuwar mabusa take ci. Ko sunan jaz ma ya ƙi shi, don yana ganin sunan raini ne ga aikin da mutum ya zuba jikinsa da hankalinsa da ruhinsa a ciki.

Bai tsaya ga saksofon kaɗai ba. Ya koyi sarewar Turawa, da algaitun Misira da na Indiya, ya shigo da su cikin kiɗan Amurka tun ba a saba jinsu ba. Faifansa mai suna Eastern Sounds, na 1961, shi ne ya fi shahara a wannan fanni. Kuma busa ba ta raba shi da littafi ba. A 1975 Jami'ar Massachusetts ta ba shi digirin dakta, abin da ya yi nazari a kai kuwa shi ne kwatanta ilimin Turawa da ilimin Musulunci.

A 1981, ya haura shekara 60, sunansa ya riga ya kai Turai da Japan, sai ya bar gida ya zo Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauke shi babban mai bincike a cibiyarta ta nazarin al'adun Nijeriya, ya zauna har 1985. Abin da ya fi ba ƙarfi shi ne sarewar Fulani, ɗan karan nan mai 'yan ƙofofi da yaro makiyayi yake busawa a bayan shanu, wanda mutanen birni ba su ɗauka bakin kome ba. Dakta guda, da furfurarsa, ya mai da kansa almajirin masu wannan kara, yana tambayar yadda ake ƙera shi da yadda ake sarrafa numfashi a cikinsa. Lalle gemu ba ya hana ilimi.

Zaman nan bai tafi a banza ba. A 1983 ya ɗauki faifai a Ikko tare da makaɗan ƙasar nan, ya sa masa suna In Nigeria. A 1987 kuma aka buga littafin da suka wallafa shi da Ziky Kofoworola a kan wasanni da kiɗe-kiɗen Hausawa. Ta haka aka tsare a takarda abin da da yana bakin mabusa kaɗai, in sun mutu ya bi su.

Da ya koma gida sai ya zauna yana karantarwa a Amherst. Ya sami kyautar Grammy saboda faifan da ya fitar a 1987, kuma bai ajiye busa da rubutu ba har ƙarshen ransa. Ya rasu ran Litinin, 23 ga Disamba, 2013, cikin Safar na 1435, yana da shekara 93.

Mai sana'a ya duba mutumin da ya bar riba don ya tsare mutuncinsa. Mai karatu ya duba wanda girmansa bai hana shi tambayar makiyayi ba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu cika da imani, amin. Tammat.