Pol Sabatiye, malamin Tulus da ya ƙi zuwa Pari

Cikin shekara ta 1907 manyan malaman shimi biyu na ƙasar Faransa suka rasu, ko wata guda bai cika tsakaninsu ba: Hanri Mwasan da Marselan Bertelo. Shimi shi ne ilmin sanin sinadarai da yadda ake haɗa su. Kujerun mutanen nan, ɗaya a Sorbon, ɗaya a Kolej da Farans, duka cikin birnin Pari, su ne iyakar burin kowane malami na zamanin. Aka yi ma wani malamin Tulus tayin ya zo ya gaje su. Ya ƙi. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama nesa da babban birni yana ƙidayar kwanakin da za a maido shi, ya san nauyin wannan ƙi. Sunan malamin Pol Sabatiye.

An haife shi a Karkason, kudancin Faransa, ran 5 ga watan Nuwamba 1854. Cikin 1874 ya ci jarrabawar shiga manyan lakkol biyu na Pari, ya zaɓi wadda ke horon malamai, ya fito na ɗaya bayan shekara uku. Ya koyar shekara guda a lise ta garin Nim, sannan ya zama mataimakin Bertelo, ya samu digirin dokta cikin 1880 bisa binciken sinadaran farar wuta. Daga nan sai Bordo. Cikin 1882 ya isa jami'ar Tulus, aka naɗa shi farfesa cikin 1884 yana ɗan shekara 30. Bai sake ƙaura ba har ƙarshen ransa.

A Tulus ya gamu da abokin aiki, wani fada na Katolika mai suna Jan-Batis Sandarans, gwanin aikin hannu cikin ɗakin gwaji. Cikin 1896 suka karanta labarin wani gwaji da Mwasan da Sharl Mure suka yi a Pari. Su waɗancan sun bi da asetilen, iskar nan ta masu walda, bisa garin ƙarfen nikel. Garin ya yi ja kamar garwashi, baƙin toka ya taru, suka ɗauka iskar da ta fita idorojen ce, ba su tsananta bincike ba. Sabatiye bai taɓa aikin ba sai da ya tabbata masu shi sun bar shi.

Cikin 1897 shi da Sandarans suka maimaita gwajin da wata iska, etilen, cikin bututun gilashi da aka zafafa wajen digiri 300. Garin ya yi ja, toka ta taru, kamar yadda aka faɗa. Amma su sai suka tari iskar da ke fita, suka auna ta. Ba idorojen ba ce. Wata iska ce wadda ta riga ta sha idorojen ta ƙoshi. To, wa ya shayar da ita? Babu kowa cikin bututun sai nikel. Sai suka gama etilen da idorojen, suka bi da su bisa garin da ɗan ɗumi kaɗan. Iskokin nan biyu, da ba su haɗuwa in an bar su su kaɗai, nan take suka haɗu suka zama etan. Nikel ɗin kuwa yana nan yadda yake, ana ta aiki da shi bai ƙare ba.

Abin da ke gaggauta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba, tun 1835 wani masanin Suwed, Berzeliyus, ya raɗa ma aikinsa suna katalis. Suna dai aka samu, ba a samu bayani ba. Malamai da yawa suna ganin ƙarfen wurin matsi ne kurum, iskoki su cunkushe cikin ƙananan ramukansa har su haɗu. Sabatiye bai yarda ba. A ganinsa ƙarfen dillali ne: yana karɓar idorojen a hannu, ya riƙe ɗan lokaci, ya miƙa ma mai saye, ya juya ya karɓi wani. Dillalin da ba ya iya riƙe kaya ba shi da ciniki. Wanda kuma ya riƙe ya ƙi saki ya tsayar da kasuwa. Haka ƙarfe: in riƙonsa ya yi rauni ba abin da zai faru, in ya yi ƙarfi da yawa fuskarsa ta toshe. Sai mai matsakaicin riƙo. Bambanci ɗaya ne, wanga dillali ba ya cin la'ada. Masana suna kiran wannan ƙa'ida da sunan Sabatiye, kuma da ita suke awo in suna neman sabon ƙarfen katalis.

Daga nan aiki ya buɗe. Cikin 1901 suka juya benzen ya zama sikloheksan, wanda daga baya ya zama tushen zaren nailan. Cikin 1902 suka gama idorojen da iskar da mutum ke fitarwa wajen numfashi, suka samu ruwa da metan, iskar nan mai kamawa da wuta da ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu. Sun kuma lura ɗan ƙanƙanen farar wuta ya isa ya kashe nikel, kamar yadda guba ke kashe mai rai.

Dukiyar abin kuwa wani ya kwashe. Sabatiye da tururi yake aiki, mai kuwa ba ya zama tururi da sauƙi. Wani Bajamushe, Wilhelm Norman, ya zuba garin nikel cikin mai yana ruwansa, ya hura idorojen, man ya daskare kamar kitse. Ya yi rajistar dabarar cikin 1902. Cikin 1911 kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fara sayar da Crisco, daskararren man anguryar auduga. Masana'antun margarin da na sabulu suka buɗe baki ga kowane irin mai: na auduga, na kifin teku, na gujiya, wadda waɗansu ke ce ma gyaɗa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Turai ta matsa ma manoman Afirka ta Yamma da noman gujiya, tun daga Senegal har ƙasar Kano da Maraɗi da Damagaram. Dabarar tana da aibinta, wanda sai bayan shekaru masu yawa aka gane: man da aka daskarar rabi da rabi yana ɗauke da wani irin kitse mai toshe jijiyoyin zuciya. Danmak ta taƙaita shi cikin 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi kira cikin 2018 a kawar da shi daga abinci.

Cikin 1912 aka ba Sabatiye kyautar Nobel ta shimi, shi da Biktor Girinyar na jami'ar Nansi. Ba a sa Sandarans ba. Cikin 1905 an ba su kyautar Jeker su biyu tare, kuma manyan takardun farko duka da sunayensu biyu suka fito. Sabatiye ya ambaci abokinsa cikin jawabin karɓar kyauta, amma ambato ba rabo ba ne. Lokacin sun riga sun rabu, Sandarans ya koma aiki da masana'antu, Sabatiye ya ci gaba da almajirinsa Alfons May. Gaskiya ita ce fahimtar ta Sabatiye ce, amma ba a raba ta da hannun da ya auna iskar.

A wancan zamani majalisar masana kimiyya ta Faransa ba ta ba da cikakkiyar kujera sai ga mazaunin Pari. Cikin 1913 ta buɗe sashe domin mazauna larduna, Sabatiye ne na farko da aka zaɓa. A shekarar ce kuma littafinsa bisa katalis ya fito, aka fassara shi cikin Jamusanci da Ingilishi.

Ya shugabanci sashen kimiyya na Tulus daga 1905 zuwa 1929. A zamaninsa aka kafa makarantun injiniyoyi uku a garin: ta shimi, ta lantarki, da ta aikin gona. Matarsa ta rasu tun 1898, ta bar masa ɗiya mata huɗu. Ya yi ritaya cikin 1930 amma bai daina koyarwa ba sai gab da rasuwarsa, ran 14 ga watan Agusta 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Cikin 1969 aka sa sunansa ga jami'ar kimiyya ta Tulus. Cikin 2010 kuma aka ɗora wata na'ura bisa tashar ƙasa da ƙasa ta sararin samaniya, wadda ta yi shekaru tana karɓar numfashin ƴan sama jannati tana maido masu da ruwa, bisa hanyar nan ta 1902.