Herbert Macaulay: Safiyon da ya yaƙi Turawan mulkin mallaka a kotunsu

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar takardar Naira ɗaya, ko ƙarfen da ya maye gurbinta, ya ga fuskar wani dattijo mai dogon gashin baki. Shi ne Herbert Macaulay. A makaranta an gaya mana cewa shi ne uban gwagwarmayar neman 'yancin Najeriya, aka wuce. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, mafi yawan faɗan da ya yi da Turawa, a kan takarda da zauren kotu ya yi shi.

An haife shi a Legas ranar 14 ga Nuwamba, 1864. Mahaifinsa ne ya kafa makarantar sakandare ta CMS, kakansa na wajen uwa kuma shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta tura shi Plymouth a Ingila a 1890 ya karanci aikin injiniya da safiyo, ya dawo a 1893 ya kama aikin auna filayen gwamnati. A 1898 ya ajiye aikin, yana ƙorafin yadda ake fifita Turawa a kan 'yan ƙasa wajen albashi da muƙami. Amma ya fita da abin da ba za a iya ƙwacewa ba: ya san taswirar Legas, ya san yadda gwamnati ke mayar da filin mutane nata.

Wannan ilimi ya yi rana a rikicin Apapa. A 1913 gwamnati ta karɓe wani fili a can, wanda ke ƙarƙashin Cif Amodu Tijani, mai sarautar Oluwa. Hujjarta ita ce, tun da Oba Dosunmu ya sa hannu a yarjejeniyar miƙa Legas ga Birtaniya a 1861, ƙasar ta zama ta Sarkin Ingila. Oluwa mai kula ne kawai, don haka diyyarsa ba za ta wuce ta 'yan kuɗin da yake karɓa daga masu amfani da filin ba. Kotunan Legas suka amince da haka.

Sai dai a tsarin daular Birtaniya akwai wata kotu a Landan, Privy Council, wadda ita ce ta ƙarshe ga duk ƙasashen da ake mulka. Can Oluwa ya ɗaukaka ƙara, kuma a 1920 Macaulay ya raka shi a matsayin sakatare da tafinta. A watan Yulin 1921 Lord Haldane ya karanta hukunci: yarjejeniyar 1861 ta sauya mai mulki ne, ba ta shafe haƙƙin jama'a a kan ƙasarsu ba. Filin na al'umma ne, Oluwa na riƙe da shi a madadinsu, dole a biya cikakkiyar diyya. Ƙarshe dai gwamnati ta biya fam 22,500. Hukuncin ya yi tsawon rai fiye da daular kanta, domin alƙalan Ostareliya sun dogara da shi a shari'ar Mabo ta 1992 kan filayen 'yan asalin ƙasar.

A Arewa labarin daban ne. Tun 1910 wata doka ta riga ta sa dukkan ƙasa a hannun gwamna, don haka babu wani basarake da zai iya kai irin wannan ƙara.

Tafiyar Landan ta haifar da wata rigimar. Macaulay ya tafi da sandar girman Eleko Eshugbayi, sarkin Legas, sannan ya shaida wa jaridun Ingila cewa Birtaniya na wulaƙanta sarkin da ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba, alhali kakanninsa ne suka ba ta Legas. Gwamnati ta buƙaci Eleko ya fito ya nesanta kansa da maganar a bainar jama'a. Da bai yi yadda take so ba, sai Gwamna Hugh Clifford ya janye amincewa da shi, aka yanke albashinsa. 'Yan kasuwa, musamman mata, suka riƙa tara masa kuɗi. A 1925 aka tuɓe shi, aka kai shi Oyo.

Shari'ar sarkin ta kai Landan har sau biyu, a 1928 da 1931. A karo na biyu Lord Atkin ya tabbatar da cewa gwamna ba shi da ikon tauye 'yancin mutum sai ya iya kare matakinsa a gaban kotu. Wato sa hannun gwamna kaɗai bai wadatar ba. A shekarar ce sabon gwamna, Donald Cameron, ya bar Eleko ya dawo gida. Mai bin labarin tuɓe sarakuna da kai su wani gari a zamaninmu, zai ga tambayar da Atkin ya amsa har yau ita ake yi.

Macaulay ba waliyyi ba ne, kuma bai kamata a rubuta shi haka ba. A 1913 an ɗaure shi shekara biyu bisa laifin taɓa dukiyar gado da aka ba shi amana. Magoya bayansa sun ce bi-ta-da-ƙulli ne, amma hukuncin ya hana shi tsayawa takara har ƙarshen rayuwarsa. A 1928 ya sake shan wata shida saboda jaridarsa, Lagos Daily News, ta buga jita-jitar cewa za a tarwatsa motar da za ta dawo da Eleko. Alƙalaminsa kaifi gare shi, kuma bai bar abokan hamayya 'yan ƙasa ba.

Duk da haka shi ya kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Najeriya, NNDP, a 1923, bayan tsarin mulkin Clifford ya ba Legas kujeru uku, Kalaba ɗaya, a majalisar dokoki. Namiji mai samun fam 100 a shekara ne kaɗai ke jefa ƙuri'a, Arewa kuwa ba ta cikin hurumin majalisar. NNDP ta lashe kujerun Legas a 1923 da 1928 da 1933, kafin matasan NYM su kayar da ita a 1938. Shi da bai iya shiga majalisa ba, shi ke zaɓar masu shiga.

Yana da kusan shekara 80 ya zama shugaban NCNC a 1944, Nnamdi Azikiwe na sakatare. Abin da ya fitar da shi rangadin ƙarshe a 1946 tsohon ciwo ne: tsarin mulkin Gwamna Richards da aka rubuta ba tare da shawarar jama'a ba, da wasu dokoki huɗu kan ma'adinai, filaye da naɗi da tuɓe sarakuna. Manufar rangadin ita ce a tara kuɗi da goyon baya don tura wakilai Landan. A Kano ciwo ya kama shi, aka mayar da shi Legas, inda ya rasu ranar 7 ga Mayu, 1946, yana da shekara 81. Azikiwe ne ya jagoranci tawagar zuwa Landan a 1947.